Tarkon Shayin Bassu

A duk faɗin kwarinmu, tun daga gadar kasuwa har saman Tizi inda hanya ke tsallake dutse, babu wanda bai san Bassu da kekensa ba. Keken dai bai taɓa yin wani abin kirki ba, shi Bassun ne ba ya barin kowa ya manta da shi. Wani baƙin basamuden ƙarfe ne da ubansa ya dawo da shi daga Faransa bayan ya gama aikin haƙar kwal, nauyinsa ya kai na ɗan maraƙi. Duk ranar kasuwa Bassu yakan tura shi da ƙafa ya haye ɗan tudun nan na bakin ƙauyenmu Tasga, wai yana ɗumama gwiwa, sannan ya ɗare sirdi ya gangara har ƙasa, jallabiya na kaɗawa, yana yi wa mata masu ɗaukar ciyawa ihu su ba shi hanya. Da yamma kuma sai ya dawo a bayan a-kori-kurar maƙwabcinsa Bihi, shi da keken da tumakin mutane. A taƙaice, tun yana saurayi yake tuƙa keke a kan dutse, amma bai taɓa hawa tudu da shi ba.

Ranar da labari ya iso cewa 'yan tseren keke daga Marrakesh da Kazablanka za su taso daga gada su hau har Tizi, kuma duk mai keke na iya shiga, maza na zaune a shagon shayi suna jiran la'asar.

"'Yan Kazablanka?" in ji Bassu, ya dire finjali. "Waɗannan masu huhun kifin? Wanda aka haifa a bakin teku, in ya hau nan sama numfashinsa ƙarewa yake yi tun kafin ya ce bisimilla. Ni kuwa nan aka binne cibiyata. Iskar dutsen nan ta san ni, na san ta."

"Ta san ka kam," in ji Bihi. "Duk mako tana kaɗa maka gemu a bayan motata."

Aka fashe da dariya. Bassu ya murtuke fuska.

"Taimakonka nake yi, don kada a ce motarka ba ta da fasinjan kirki."

"Allah ya saka da alheri. Tumakin ma haka suke cewa."

Nan fa baki ya yanka wuya. Bassu ya miƙe tsaye, ya buga ƙirji, ya rantse cewa in har wani ɗan birni ya riga shi taka Tizi, ya bar wa Bihi ruwansa na ranar Lahadi har a gama girbin tuffa. A wurinmu mutum na iya rantsewa da gemunsa ko da kabarin kakansa a yi dariya a watse, amma ba a wasa da ruwa. Ƙorama ɗaya gare mu, ana tara ta a tafkin bakin gari, kowane gida da ranarsa, kuma tsoho Dadda Lahsen ne kaɗai ke da ikon ɗaga katakon da ke sakin ruwan zuwa gonar mai rabo. Wanda ya rasa ranarsa a tsakiyar bazara, tuffarsa ta zama abincin awaki.

"Ina jin tausayin matarka Itto da yaranta," in ji Bihi. "Ban ce ka zo na ɗaya ba. Ka dai isa Tizi a kan kekenka kafin motar tsintsiya ta kwashe ka. In ka isa, ni ma ruwana naka ne."

"Wace ce kuma motar tsintsiya?"

"Wadda ke bin bayan 'yan tsere tana share waɗanda suka gaza. Za ka san ta, kada ka damu."

"Ni za ka haɗa da shara? To na yarda, don dai kada ka yi kuka."

Wani ya tambaya ko wannan ba caca ba ce. Bassu ya ce caca ta 'yan iska ce, wannan alkawarin dattawa ne. Dadda Lahsen, wanda tun ɗazu yake gyangyaɗi a lungu, ya buɗe ido ɗaya ya ce kunnuwansa biyu duk sun ji, kuma tun da tseren ranar Lahadi ne, ba zai ɗaga katako ba sai ya ga yadda ta ƙare.

Kafin Bassu ya kai gida labari ya riga shi. Ya tarar da matarsa Itto a gaban masaƙa, ba ta ko ɗago kai ba.

"Ruwan Lahadi, Bassu? Ruwan tuffar da za mu sayar mu gyara rufin ɗaki kafin ƙanƙara ta sauko?"

"Ke dai fara tunanin inda za ki zuba ruwan Bihi. Ni ina ganin mu ƙara dasa dankali."

"Da wace ƙafar za ka hau Tizi? Jiya da na aike ka kan soro ka ɗauko mini masara sai da ka huta a tsakiyar tsani."

"Ai ba da ƙafa kaɗai ake cin tsere ba, Itto. Da nan ake ci." Ya ƙwanƙwasa goshinsa.

"To mun shiga uku," in ji ta, ta ci gaba da saƙarta.

Dabarar da ke cikin wannan goshi kuwa ga ta. Bassu ya san abin da kowane ɗan dutse ya sani, cewa ba a ƙin shayin dattijo. In an tsayar da kai an ce bisimilla, ko gawa kake rakiya sai ka zauna, kuma ba a tashi sai an sha finjali na uku. Hanyar tseren ta ratsa ƙauyuka uku kafin ta iso Tasga. Saboda haka Bassu ya bi su ɗaya bayan ɗaya. A Agni ya sami kawunsa Mbarak, ya gaya masa manyan baƙi za su wuce ta ƙofar gidansa, abin kunya ne a ji a Marrakesh cewa mutanen Agni sun bar baƙo ya wuce da ƙishirwa. A Tawrirt ya faɗa wa surukarsa Lalla Tuda cewa ya yi ta yabon girkinta har 'yan birni sun ce sai sun ɗanɗana. A ƙauye na uku ya shafa wa liman Si Larbi cewa samarin suna neman albarkarsa. Lissafin Bassu shi ne, 'yan birni za su zauna suna hura shayi, shi kuwa ɗan gida ya ɗaga hannu ya wuce abinsa.

Daga nan ya juya kan keken. Ya ji an ce kekunan 'yan tsere ba su da nauyi, don haka ya kwance kariya, ya cire ƙararrawa da fitila da famfo. Da ya ɗaga ya ji har yanzu ɗan maraƙi ne, sai ya kwance birki gaba da baya.

"Birkin fa?" in ji Itto daga bakin ƙofa.

"Mai hawa sama me zai yi da birki? Kin taɓa ganin tsuntsu da birki?"

"Gangaren tafki fa?"

"Shi ne ma sirrin. Gudun da zan kwaso a gangaren nan shi zai haye da ni har Tizi, ba sai na taɓa feda ba."

Ranar Lahadi da safe gada ta cika maƙil. Ga 'yan tsere nan siraran samari cikin matsattsun kaya masu walƙiya, kowanne da ɗan keke da za ka iya ɗagawa da yatsa biyu. Bassu ya iso cikin jallabiyarsa ta ulu ya tattare ta a ƙugu, ƙafa da takalmin zuwa masallaci. Masu shirya tseren suka ce ba a shiga sai da hular kwano, sai ya ari ta wani magini, rawaya, ya ɗaure ta a haɓa da kallabin Itto. Ya bi sahun samarin yana duba cinyoyinsu yana girgiza kai.

"Allah sarki, yaro," ya ce da na kusa da shi. "Ba a ba ku abinci ne a gida? In ka ji jiri a sama kada ka ji kunya, ka kira ni."

"Na gode, Baba," in ji saurayin. "Kekenka kuwa daga gidan tarihi aka ba ka aro?"

Aka busa usur. Gaskiya ɗaya ce, daga gada zuwa injin niƙa hanya shimfiɗaɗɗiya ce, kuma Bassu ne a gaba. Ya taka feda kamar mai kashe maciji, yana ɗaga wa jama'a hannu, yana ihu a gaya wa Bihi ya yi ban kwana da gonarsa. Da aka wuce injin niƙa sai hanya ta ɗaga kai. Keken ya tuna nauyinsa. Samarin suka zo suka shige shi fuu, ba wanda ko haki yake yi, wasu ma hira suke. Da ya waiwaya babu kowa a bayansa sai wata farar mota da aka ɗaura wa tsintsiya a goshi, tana tafe a hankali, direbanta wani mai tumbi ya leƙo kai yana murmushi.

"Ku je dai," in ji Bassu cikin haki. "Kawu na jiranku."

Kawu Mbarak kuwa yana jira. Ya shimfiɗa darduma mafi kyau a gidansa a bakin titi, ya jera finjalai a kan babban tire, ya sa farin rawani. Da ya hango samarin ya fito tsakiyar hanya ya buɗe hannuwa yana marhaba. Suka rabu biyu, suka zagaye shi, suka haɗe a bayansa suka yi gaba. Ko mutum ɗaya bai ce masa sannu ba, iskar gudunsu ma har ta warware masa rawani. Yana nan tsaye mutanen Agni na kallonsa sai ga Bassu ya ɓullo yana tangaɗi, ya ɗaga hannu zai wuce. Kawu ya cafke kan keken.

"Ina za ka?"

"Kawu, tsere nake yi."

"Su ma haka na ga suna yi, marasa tarbiyya. Su ba su san ni ba. Kai ma ba ka san ni ba ne? Ni na ɗauke ka a kafaɗa ranar kaciyarka. Sauko."

"Kawu, ruwana..."

"Ga ruwa nan a kan wuta. Zauna."

Tsuntsun da ya kira ruwa shi ruwa kan doka. Bassu ya zauna. Kawu Mbarak kuma ba ya haɗa shayin gaggawa ko da gari na ci da wuta. Ya wanke ganye, ya fasa sukari da gindin finjali, ya cusa na'ana'a, ya ɗaga buta sama ya tsiyaya, ya mayar, ya ɗanɗana, ya ce da saura. Ana haka motar tsintsiya ta iso ta tsaya. Bassu ya ɗauka kwasarsa aka zo yi. Amma direban, wani Si Nuraddin, da ya ga tire sai ya kashe mota ya fito yana shafa tumbi.

"Kai, ashe har yanzu akwai mutanen kirki a ƙasar nan!" Ya cire takalmi ya miƙe a kan darduma. "Sha a hankali, ɗan'uwa, ni ba na kwasar mutum yana cikin shan shayi."

Sai da aka sha na uku, kawu ya ƙara musu na huɗu don huce haushin 'yan birni, sannan ya saki keken.

Daga Agni zuwa Tawrirt hanyar lanƙwasa take yi tana hawa kamar igiyar da aka jefa a kan dutse. Iskar da Bassu ya ce ta san shi ta nuna ba ta taɓa ganinsa ba. Ya buɗe baki yana kamfatarta, ba ta isa. Wata tsohuwa da ke tafe da ƙafa, da damin ciyawa a baya, ta cim masa ta yi masa sannu ta wuce, sannan ta waiwayo ta tambaye shi ko yana da saƙo zuwa sama.

A Tawrirt ya tarar da Lalla Tuda zaune a kan kujera a tsakiyar titi, hannu a ƙugu. Bayanta akwai akushin kuskus mai girman tayar mota, da tukwanen miyar nama ta tajin, da ƙwaryar nono, da kwanon amlu mai kama da tunkuza yana ƙyallin mai da zuma.

"Lalla, barka da..."

"Riƙe barkarka. Ina baƙin da ka ce sun matsu su ci girkina? Tun asuba nake tsaye. Kajina biyu na yanka, har da mai ƙwai. Sun wuce ni kamar sun ga mahaukaciya, ɗaya ma ya jefo mini gorar roba a cikin miya."

"Lalla, in na dawo daga Tizi zan..."

"Ka dawo? Wallahi ko ka sauko ka ci, ko in hau alfadari yanzu in je in ɗauko 'yata. Dama tun farko ban so ba."

Bassu ya sauko. Si Nuraddin, wanda abin nema ya samu, ya riga shi wanke hannu. Lalla Tuda ta zauna a kan Bassu tana turo masa nama gabansa, in ya rage hannu ta ce raina ta ya yi, in ya ce ya ƙoshi ta ce ai ba ta ga alama ba. Ya ci kuskus, ya ci tajin, ya lashi amlu, ya kora da nono. Bayan nan aka kawo shayi, domin ba a sallamar suruki da maiƙo a baki.

"Wannan tsere ya yi," in ji Si Nuraddin yana sakace. "Baɗi ma ka shiga, don Allah."

Lokacin da Bassu ya koma kan sirdi sai da mutum biyu suka tura shi. Yana jin shayi na kai da komowa a cikinsa duk sanda ya taka feda. Tuni samarin farko suka fara gangarowa daga Tizi sun gama, sun sa riguna masu kauri, suna yi masa tafi. Wanda ya yi wa tayin taimako da safe ya rage gudu ya ce, "Baba, in ka ji jiri kada ka ji kunya."

Liman Si Larbi ya tare shi da dabino da madara da wata butar shayin. Amma a nan goshin Bassu ya sake haihuwa. Ya lura Si Nuraddin in ya zauna ba ya son tashi. Saboda haka bayan finjali na biyu ya ce zai zaga, ya lallaɓa ta bayan masallaci ya ja kekensa, ya bar liman na yi wa direba bayanin falalar ciyar da baƙo. Abin da ba a taɓa yi ba a kwarin nan ke nan, a gudu daga shayin liman, amma Bassu ya ce zai nemi gafara bayan ya ci ruwan Bihi.

Ko ta yaya aka yi, Allah ne masani, sai ga Bassu a kan tudun bakin Tasga, fuska ta koma launin gauta, hula ta karkace. Daga nan ya hango Tizi a gabansa da tutocinta, kuma babu ƙarar mota a bayansa. A ƙasa kuwa, a bakin tafki inda hanya ta yi kwana, duk garin ne ya fito. Maza na dukan ganguna, mata na guɗa, Bihi na zaune a kan motarsa, Dadda Lahsen na tsaye tsakanin katakai biyu, na hagu mai kai ruwa gonar Bassu da na dama mai kai wa ta Bihi. Tafkin ya cika har baki. Daɗi ya kama Bassu, har ƙwalla ta zo masa.

"Bihi!" ya ƙwala ihu. "Buɗe idonka ka ga maza!"

Ya saki keken. Ɗan maraƙi da mai shi da kuskus da kaji biyu suka gangaro tare, kuma a karo na farko a ranar nauyi ya yi amfani. Jama'a suka ɗauki sowa. Da kwana ta matso Bassu ya matse hannu inda birki yake a da, ya damƙi iska. Ya sake matsewa.

"Ku kauce! Itto, ina birkin?"

"Yana kan taga inda ka ajiye shi!" in ji Itto daga cikin mata.

Hanya ta yi kwanarta, Bassu ya miƙe. Ya ratsa tsakanin makaɗa, ya yi awon gaba da ganga ɗaya, ya haye bakin tafki, ya faɗa ciki tsundum. Keken kuwa bai tsaya ba sai da tayar gaba ta daki katakon dama ta tumɓuke shi. Ruwan Lahadi ya yi ƙara ya kwarara cikin magudana, ya nufi gonar Bihi ko waiwaye babu.

Hular magini na ta juyi a tsakiyar tafki. Can Bassu ya ɗago kai, gansakuka a gemu, yana tofar da laka. Dadda Lahsen ya leƙa magudanar, ya leƙa shi.

"Tun da nake rabon ruwa," in ji tsohon, "ban taɓa ganin wanda ya kai wa maƙwabci da hannunsa ba sai yau. Allah ya karɓa."

"Ban faɗi ba tukuna!" in ji Bassu. "Motar ba ta iso ba!"

Bai rufe baki ba aka ji hon. Si Nuraddin ya fito da ƙullin dabino a hannu, ya dubi tayar da ta nannaɗe kamar burodi, ya sa aka ciro keken aka ɗora a mota.

"Liman ya ce in gaya maka finjalinka na uku na nan yana jiranka," in ji shi. "Shigo mu ƙarasa Tizi, ka dai gan ta."

"Bar shi," in ji Bihi. "Bai saba da kujera ba, a baya yake zama."

Garin ya kece da dariya har mata na riƙe ciki. Bassu ya fito daga tafkin da ya kusa ƙafewa, jallabiya na ɗiga, ya tsaya yana matse cinyoyi, yana sauya ƙafa, yana waige-waigen inda zai ɓuya, domin shayin ƙauyuka uku ya fara neman hanyar fita. Itto ta matso ta kwance kallabinta daga wuyansa, ta matse shi, ta dubi magudanar hagu da ke bushe ƙayau, sannan ta dubi mijinta tun daga sama har ƙasa.

"Kada ka kuskura ka zubar da shi a nan," in ji ta. "Wuce gona, ka bi gindin tuffa ɗaya bayan ɗaya. Ruwan da ke cikinka shi kaɗai ya rage mana bana."